Giya ce ta kashe Poe? Gardamar masu karatu a Kumasi

Malamin adabi, Aboabo: Salamu alaikum. Zaman tunawa da marubucin Amurka Edgar Allan Poe na 7 ga Oktoba ya matso, kuma na ga a takardar gayyata an rubuta "giya ta kashe shi a 1849 yana ɗan shekara 40". Kada a buga haka.

Mai ɗab'i, Alabar: Malam, ai zancen ba ɓoyayye ba ne. An tsince shi ran 3 ga wata a wata mashaya a birnin Baltimore na Amurka ba ya cikin hayyacinsa, kwana huɗu ya cika a asibiti. Da ma kuma yana sha.

Malamin adabi: Alhaji, duba bakin da zancen ya fito. Snodgrass, wanda aka kira ya ɗauke shi, ɗan yaƙi da giya ne, daga baya ya riƙa kafa misali da mutuwar a laccocinsa. Griswold kuwa abokin gabarsa ne, shi ya rubuta labarin rasuwar a jarida da sunan aro, Ludwig, ya yi ta shafa masa baƙi.

Nas, Asawase: Ku bar ni da ɓangaren asibiti. Mashayi in ya tsaya da sha farat ɗaya, bayan kwana 2 zuwa 3 sai karkarwa, gumi, sambatu da ganin abin da babu. Hakan ya yi daidai da halin Poe. To amma buguwa a ka da sanƙarau ma suna kawo sambatu, kuma a 1996 wani likita a Maryland, Benitez, ya ce ciwon haukan kare ne. Raba su sai an buɗe gawa an duba ƙwaƙwalwa, ba a kuwa yi ba. Takardun asibitin sun ɓace. Likitansa Moran ma baki biyu gare shi: a 1885 ya ce bai ji warin giya a jikinsa ba.

Mai ɗab'i: Hajiya, kin dai ce ya yi daidai.

Nas: Ya yi daidai daban, an tabbatar daban.

Tsohon malamin tarihi, Sabon Zongo: Yara, kun manta da tufafin. Kayan da ke jikinsa ba nasa ba ne, tsummokara ne da ba su dace da shi ba. Ranar kuma ranar zaɓe ce, mashayar nan rumfar zaɓe ce. 'Yan bangar siyasa na lokacin sukan kama baƙo, su kulle shi, su ɗura masa giya, su lakaɗa masa duka, su yi ta sauya masa kaya yana jefa ƙuri'a da sunaye daban-daban. In haka ne, giyar ta shiga cikinsa, amma ba da hannunsa ba. Hasashe ne, sai dai shi ne ya fi bayyana tufafin.

Mai ɗab'i: To Baba, me zan buga? Inji na jira.

Malamin adabi: "Ya rasu a Baltimore, 7 ga Oktoba 1849, sanadin bai tabbata ba." Layin da ya rage a sa waƙarsa ta hankaka, 1845.