In ba yaran shago kalmar sirrina ne, ko in kashe tambayar gaba ɗaya?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Kwamfuta biyar gare ni a shagon buga takardu, duka Windows 10, yarana kuma ƙaramin asusu na buɗe musu. Da an zo sa manhajar firinta sai allo ya dushe, akwatin UAC, wato tambayar neman izini ta Windows, ya fito yana neman kalmar sirrina. Ranar Asabar ina wurin ɗaurin aure suka kira ni sau huɗu. In ba su, ko in kashe shi?

Ɗan Linux: Bar Windows, koma Ubuntu, wani nau'in Linux, ka huta. Ka ba sudo, mai neman izini a can, kalmar sirri sau ɗaya, minti 15 ba zai sake tambaya ba.

Baban Ummi: Malam, da manhajar zane ta CorelDRAW muke cin abinci, kuma babu ta Ubuntu.

Maman Sadiku: Alhaji kar ka kashe! Ni na kashe nawa, kowa na shiga asusuna. Yaro ya sa filashin wani, washegari fayil ko ɗaya bai buɗu ba. Katunan biki, rasit, har aikin kammala karatun wata ɗaliba, babi biyar. Kan benci ta zauna tana kuka, mayafinta a baki. Ni na biya aka sake buga mata, mahaifinta kuma bai fasa zuwa ya ci min mutunci ba.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri Hajiya, amma irin wannan cutar tana iya kulle fayiloli ko UAC na kunne. Alhaji, in ka sauke ma'aunin UAC ƙasa don kashe shi, Windows hana ƙananan asusun zai yi kai tsaye, ba tambaya. Sayi na'urar yatsa ta USB, Windows Hello, tsarin shiga da yatsa a madadin kalmar sirri, na karɓarta. Dubu 12 na sayi tawa.

Maman Sadiku: Kai a littafi ka karanta, ni a jikina na ji.

Mai Gyara: Dubu 12 a ina? Ai wannan jabu ce.

Ɗan Linux: To yatsan zai bar musu a shago ya tafi ɗaurin auren?

Mai Gyara: Ana ta kai wa yake ta kaya. Tun 14 ga Oktoba 2025 tallafin Windows 10 ya ƙare, Windows 11 kuma sai kwamfuta mai TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikinta. Tokumbon da ke shagunanmu guda nawa ke da shi?

Maman Sadiku: Wanda ya sayar min da uku bara har rantsuwa ya yi za su ɗauki 11. Yanzu ba ya ɗaga wayata.

Baban Ummi: Jama'a, in ba su ko kar in ba su?