Kuɗin yaƙi da ɓarayin katako, hannun wa suke shiga?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Jama'a ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, ƙasashe sama da 100 sun yi alkawarin dakatar da salwantar dazuzzuka kafin 2030, har wasu gwamnatoci suka ce za su zuba dala biliyan 12. Amma har gobe gumagumai na fita cikin kwantena da takardun bogi. Kuɗin nan ana biyansu kuwa, ko dai faɗa ba cikawa ce?

Malamin Daji:
Wa'alaikumus salam, Baban Ummi. Wasu suna biya, sai dai da sharaɗi. Dubi Norway. Ita ce kan gaba wajen zuba kuɗi a Asusun Amazon da Brazil ta kafa a 2008, kuma a 2010 ta yi wa Indonesiya alkawarin dala biliyan 1. Tsarin shi ne: a fara ganin sara ya ragu a hoton tauraron ɗan'adam, sannan a saki kuɗi. A 2019 da sara ya ƙaru zamanin shugaban Brazil Bolsonaro, Norway da Jamus suka janye hannu, sai 2023 asusun ya dawo aiki.

Ni inda nake da ja shi ne, ɓarawon katako ba a daji kaɗai ake kama shi ba. Mai gadi a ƙasa da tocila, su kuwa da injin sara da manyan motoci, ina za a haɗa? Inda ya kamata kuɗin su fi zuwa shi ne tashar jiragen ruwa. Jami'in kwastam ya buɗe kwantena, ya ga gungume an feƙe ɓawonsa, takarda ta ce wani itace ne daban, shi kuma ba shi da abin gwaji. To, me zai yi? Madobiya ta shiga jerin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke sa ido kan cinikin namun daji da itatuwan da ake gudun ƙarewarsu, tun 2017, amma aka ci gaba da lodinta zuwa Sin don kujeru da gadaje, har sai da aka dakatar da cinikinta a ƙasashen asalinta a 2022.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam, ka manta da mai saye. Ai ɓera ba ya sata sai da ramin ɓoyewa. Amurka ta gyara dokarta ta Lacey a 2008 don ta hana shigo da katakon da aka sara ba bisa ƙa'ida ba, kuma a 2016 kamfanin Lumber Liquidators ya sha tarar sama da dala miliyan 13 kan katakon da aka saro daga gabashin Rasha. Me zai hana irin wannan tara ta koma ƙasar da aka yi wa ɓarnar?

Baban Ummi:
Hajiya, wannan tambayar taki ta fi tawa. Malam, a cikin kuɗin da ake bayarwa, akwai wanda aka ware wa kwastam kai tsaye?