Tsagewar dubura da ke warkewa tana dawowa: ina mafita?

Wani tela:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, shekara biyu ke nan kunya na hana ni magana, amma yanzu ciwo ya fi ƙarfin kunya. Duk lokacin da na zaga bayi sai in ji kamar ana tsaga ni da reza, in ga jini ja a ruwan tsarki, sannan zogi ya biyo baya, har wani lokaci in kai azahar ban iya zama a kan keken ɗinki ba. Na daɗe ina shan maganin basir na masu lasifika a tasha, kafin likita ya duba ni ya ce ba basir ba ne, fatar bakin dubura ce ta tsage. Ya rubuta mini man shafawa na samu sauƙi, amma ga shi ta dawo karo na huɗu. Shin akwai wanda ya rabu da ita kwata-kwata?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba ka lafiya. Busasshen bayan gida ne yakan fara yaga fatar, sai zoben tsokar da ke riƙe dubura ya ɗame saboda zafi, kuma wannan ɗamewar tana rage jinin da ke isa wurin, shi ya sa miki ba ya saurin haɗewa. Mai ciwon kuma yakan riƙe bayan gida don tsoro, ya ƙara bushewa, ya sake yaga inda ya fara warkewa. Man shafawa irin su GTN (wato glyceryl trinitrate) ko diltiazem aikinsu sassauta wannan tsokar, kuma ana shafa su mako 6 zuwa 8 ko da zafin ya ɗauke tun a makon farko. Ina tambaya, ka kammala kwanakin kuwa? Ka kuma kiyayi tramadol da kodin, domin suna busar da ciki ƙwarai. Idan ka ga kana ramewa, ko jinin ya zama baƙi, ko mugunya na fita, kada ka jira komai, ka koma asibiti.

Uwar tagwaye:
Ni tawa bayan haihuwa ta same ni, ƙwayoyin ƙarin jini kuma suka daɗa ɗaure mini ciki. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne zama cikin baho na ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15 bayan na fito daga bayi. Na rage burodi da farar shinkafa, na koma wake, kwaɗon zogale, miyar kuɓewa da gwanda, ga gorar ruwa kullum a gefena. Na lura duk ranar da na cika yaji, washegari sai na ji a jikina.

Tsohon direba:
Ɗana, ni na yi duk wannan ba ta bar ni ba, domin tawa ta riga ta tsufa, har wani ɗan tsiro ya fito a bakinta wanda na ɗauka basir ne. A ƙarshe likitan tiyata ya ɗan yanka gefen wannan tsokar, kuma washegari na koma gida. Kafin aikin ya gaya mini gaskiya cewa wasu kaɗan sukan sami matsalar riƙe iska daga baya, don haka ba shi ake fara yi ba. Ni dai Allah ya kiyaye ni, amma har yau ba na wasa da ruwa, kuma da zarar na ji bayan gida nake tashi, ba na yunƙuri, ba na daɗewa a tsugune.

Wani tela:
Na gode, Baba, na gode Hajiya. Malama, gaskiya kwana goma kawai na shafa, domin man yana sa ni ciwon kai mai tsanani.

Ma'aikaciyar jinya:
Idan GTN ne aka rubuta maka, wannan sanannen halinsa ne. Ka faɗa wa likitanka, zai iya canza maka zuwa diltiazem wanda bai cika kawo ciwon kai ba, ka kuma tambaye shi maganin tausasa bayan gida irin lactulose, wanda za ka ci gaba da sha har bayan mikin ya rufe.