Gidajen ƙasa na tsakiyar Yamai suna komawa shaguna: a sayar ko a riƙe?

Ɗan Lacouroussou: Salamu alaikum. A unguwannin Maourey, Zongo da Banizoumbou, inda ka san gidan ƙasa mai zaure, yau bene ne, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Masu gidan sun koma Koira Tegui ko Niamey 2000. Me ke kawo haka, kuma magadan da ba su son tashi ina mafita?

Mai Awon Fili: Wa alaikumus salam. Mutane na ɗora alhakin a kan Niamey Nyala, shirin ƙawata birnin, da taron Tarayyar Afirka na 2019, lokacin da aka gina otal ɗin Radisson Blu da cibiyar taro ta Mahatma Gandhi. Sun ɗaga darajar fili, gaskiya ne, amma rabon gado ne ke fitar da gida daga hannu. A ce gida murabba'in mita 600 ne, mamaci ya bar mata ɗaya, maza 5, mata 4. Tumunin matar mita 75. Saura 525 a raba 14: ɗiya mace 37 da rabi, namiji 75. Wa zai yi ɗaki da bayi da ƙofar fita a mita 37? Sai ɗan kasuwar da ke neman sito kusa da Babbar Kasuwa ya zo da kuɗi a hannu, shi ke nan.

Masu son riƙewa su fara da takardu: shaidar magada daga kotu, zaman iyali a rubuce, wakili guda. Sannan a duba ko acte de cession (takardar da hukuma ke bayarwa in ta ba da fili) ke gare su ko titre foncier (cikakkiyar takardar mallakar fili), don yawanci sunan kaka ne a kai. A sa a yi wa gidan kima, masu zama su biya masu fita.

Hajiyar Kalley: Malam, ka bar ƴan haya. Gida guda na tsakar gari yakan ɗauki iyalai da yawa, famfo ɗaya, mitar wuta ɗaya. In an sayar, magada sun ga kuɗi, ɗan haya sai wa'adi. Mai tuyar ƙosai da ke zuwa kasuwa da ƙafa ta koma biyan taksi biyu, cinikinta kuwa na ƙofar gida ne, ba ya bin ta. Hayar bayan gari ta fi sauƙi, amma kuɗin mota na cinye bambancin.

Magini: Hajiya ta faɗi gaskiya. Akwai kuma abin da ke korar ma wanda ya ƙi sayarwa: ruwa. Mai bene yana cika filinsa da jar ƙasa, ya ɗaga daɓe sama da titi, indararonsa na zuba a gindin katangar maƙwabci. Tubalin ƙasa daga ƙasa yake jiƙa, ya rube, a watan Agusta bango ya kwanta. Tun ana haƙa tushe za a yi magana a kan inda ruwa zai bi, a kuma yi wa gindin katangar siminti kamar tsawon gwiwa.

Masu ba ɗan kasuwa gaban gida ya gina shaguna yana cirewa a haya, dabara ce mai kyau, in an je gaban noter, jami'in da ke tabbatar da yarjejeniya a hukumance. A rubuta shekara nawa, nawa ya kashe, ginin na wa bayan wa'adi, kuma ko yana da izinin ƙara bene. A raba mitar wuta tun ranar farko, in ba haka ba firizan shago zai riƙa hawa kan kuɗin gida.