Jakin jitar lantarki mai kogon ciki: a bar shi sake ko a kafe shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina da jitar lantarki mai kogon ciki, wadda nauyin tsirkiyoyi kaɗai ke danne jakinta (wato abin da ke tallafe tsirkiyoyin) a kan katako, kuma duk lokacin da na matsa hannun Bigsby (ƙarfen da ake matsawa don karkaɗa sauti) sai jakin ya goce, sauti ya lalace. Shin in kai a kafe shi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafewar ba ta wuce ƙananan ƙusoshi 2 da ake dasawa a fuskar jitar ba, su shige ramukan da ke ƙarƙashin jakin, kuma kamfanin Gretsch na fitar da jitoci da dama a haka. Sai dai hudar ba ta gyaruwa, kuma idan ka sauya kaurin tsirkiya, ba za ka iya matsar da jakin gaba ɗaya don daidaita sauti ba.

Amsa ta biyu:
Ni ban goyi bayan huda katako mai kyau ba tun ba a gwada abu mai sauƙi ba. Ka daidaita jakin har sautin ƙarfe na 12 (cikin ƙarafan da ke jere a wuyan jitar) ya dace da na sakakkiyar tsirkiya, ka barbaɗa garin ƙaro kaɗan a ƙarƙashinsa don kada ya zame, sannan ka riƙa sauya tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode, Malam. Zan fara da ƙaron.