Ɗana ya daina gaida manya, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana na fari, mai shekara 17, ya sauya tun da ya fara zama a wata majalisa a bakin layinmu. Da ba ya wuce dattijo sai ya rusuna ya gaishe shi, ya karɓi kayan hannunsa. Yanzu daga nesa yake ɗaga hannu, ido na kan waya. Ranar Juma'a kawunsa ya zo, ya miƙa masa hannu a tsaye, ko takalmi bai cire ba. Da na yi magana sai ya ce durƙuso na mata ne, namiji ba ya sunkuyar da kai. Ƙannensa mata kuwa sai tsawa, wai kada su raina shi.

Abin da ya fi ci mini rai, marigayi mahaifinsa bai taɓa ɗaga murya a gida ba, amma duk unguwa ana ganin girmansa.

Na yi nasiha, na karɓe wayar, malamin Islamiyyarsa ma ya zauna da shi, kwana biyu ya koma. Ba na son duka. Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan, me ya yi? In tura shi wajen baffansa ne, ko in bar shi a gabana?