Awa 7 a waya kullum, wa ya taɓa ragewa kuma ta yaya?

Abban Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun jiya nake so kowa ya faɗi abin da ya gwada da kansa, ba wanda ya ji an ce ba. Ƙanina ne ya karɓi wayata zai gyara min wani abu a setin, sai ya shiga wani wuri da ake kira Digital Wellbeing ya juyo min da fuskar wayar ya ce Yaya ka taɓa ganin wannan? Wani zobe ne mai kala-kala, a tsakiyarsa an rubuta awa 7 da minti 12. Na ce ba dai ni ba, ya danna ya nuna min na sati guda, ranar da ta fi ƙaranci awa 5 da rabi ce. TikTok kaɗai awa 2 da minti 40, WhatsApp kusan awa 2, ragowar Facebook da YouTube suka raba, kuma wai na buɗe wayar sau 143 a yini ɗaya. Na zauna na yi lissafi, awa 7 kullum ya haura kwana 100 a shekara, kwana cikakke dare da rana.

Amma ba lissafin ne ya hana ni barci ba. Shekaranjiya 'yata ta kawo min zanen da ta yi, na ce mata ina zuwa ban ko ɗago kai ba, ta tsaya ta tsaya ta gaji ta ajiye min takardar a gwiwa ta fita. Sai da na miƙe takardar ta faɗi ƙasa sannan na tuna. Don Allah wanda ya taɓa fita daga wannan ya faɗa mana yadda ya yi, wanda ya gwada ya kasa ma ina son ji.

Sadiq:
Wa alaikumus salam Yaya. Ga waɗanda ba su san inda abin yake ba, a iPhone sunansa Screen Time, ya zo ne da iOS 12 a 2018, na Android kuma Google ta fito da shi a shekarar, duk a cikin setin suke. Kana iya yanka wa kowace manhaja lokacinta, idan ya ƙare a Android tambarinta ya dushe ba za ta buɗu ba sai 12 na dare ya sake sabon lissafi.

Ni iPhone nake riƙewa kuma gaskiya watan farko aikin banza na yi. Na sa wa Instagram minti 45, to idan ya cika sai ya rufe amma a ƙasa ga zaɓi nan, ƙarin minti 1, ko a tuna maka bayan minti 15, ko ka yi watsi da iyakar na yau gaba ɗaya, to yatsana ya haddace wurin har ba na karantawa nake dannawa. Abin da ya canza min shi ne lambar sirri, lamba 4 ce ake sa wa Screen Time daban da ta buɗe waya, na miƙa wa matata ta sa ban gani ba. Yanzu idan ina son ƙari sai na tashi na je na same ta na ce ki ƙara min, ita kuma ba ta hanawa, tambaya ɗaya take yi, me za ka kalla? Sau da yawa ba ni da amsa sai na haƙura. Daga awa 6 na dawo 3 da wani abu, wata 8 ke nan.

Maman Ilham:
Ni fa ina da ja a kan wannan adadin na tsakiyar zobe. Nawa yakan nuna awa 8 wani lokacin har 9, amma kasuwancina gaba ɗaya a WhatsApp yake, a nan nake ɗora kaya a nan kwastoma ke magana a nan nake bin mai kai saƙo, to in na ce zan dawo awa 3 ai na rufe shago ke nan. Da farko na tsorata nima na sa iyaka, rana ta biyu ta rufe min ana tsakiyar ciniki, na cire ban sake ba.

Abin da na yi daga baya, na ɗauki kwana 3 ina lura da kaina, duk sanda na shiga sai na tambayi kaina aiki ne ya kawo ni ko me. Wallahi sai na gano rabin zaman ba ciniki ba ne, na amsa kwastoma a minti 2 sai na zarce kallon sitatus ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya, daga nan guruf ɗin 'yan makarantarmu, daga nan wani guruf da ban ma san wa ya sa ni ba. Na fita daga guda 11, sauran na kashe musu ƙara, akwai zaɓin awa 8 ko sati 1 ko har kullum, na zaɓi har kullum. Kuma na rubuta a bayanin shagona cewa ina amsa saƙo daga 9 na safe zuwa 8 na dare. Na zaci kwastomomi za su gudu, babu wadda ta gudu, masu turo saƙo ƙarfe 1 na dare suna jira da safe. Abban Hanan kar ka tsaya kan jimillar kawai, ka shiga ka ga wane lokaci ne kuma wace manhaja, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ummi:
Anti kin faɗi gaskiya kan sitatus ɗin nan. Ni ɗaliba ce, lokacin jarabawa na gwada kusan komai. Na sauke Forest, wadda kake dasa bishiya idan ka fita daga manhajar kafin lokaci ya cika bishiyar ta bushe, ta yi min aiki sati 2 daga nan na daina jin komai in ta bushe. Na mayar da wayar baƙi da fari, wannan kam ya rage min sha'awar bidiyo sosai don komai ya zama kamar tsohon hoto. Na goge Instagram sai na koma shiga ta burauza. Wanda bai taɓa ba ni kunya ba shi ne na bar ta a wani ɗakin in zan yi karatu, ba a jaka ba, ba a kife kan tebur ba, wani ɗakin daban. Matsalata ɗaya littattafanmu da yawa PDF ne a cikin wayar, dole na riƙa buga shafukan da zan karanta a takarda.

Malam Bala:
Ɗana Abban Hanan, Allah ya yi wa yarinyar albarka, ka nemo zanen nan ka manna shi a bango inda za ta gani.

Na haura 60, na yi ritaya daga koyarwa, kuma da ina cikin masu yi wa yara faɗa kan waya har sai da ta kama ni. Nawa na dare ne. In na kwanta ƙarfe 10 sai na ce bari na ga labarai, daga wannan bidiyon sai wancan, kafin na ankara 1 ta wuce, ido na zafi wuya na ciwo, da safe na tashi jiki kamar an yi min duka. Ban sa wata iyaka ba don ban iya shige-shigen setin ɗin nan ba. Agogo mai ƙararrawa na saya, irin na da mai batir, na cire caja daga gefen gado na kai ta falo, ƙarfe 9 da rabi nake jona wayar a can na shige ɗaki. Ba zan ɓoye muku ba daren farko da na biyu har na uku ban yi barcin kirki ba, hannuna da kansa yake lalube ƙarƙashin filo, ya taɓa wayam, sai na ji wani irin ƙunci kamar an ƙwace min abu. A dare na biyu har na taka zuwa ƙofar falo na tsaya a duhu ina kallon ɗan hasken cajar, na dawo. Bayan sati guda barci ya fara zuwa da kansa. 'Ya'yana na gaya musu in da gaggawa su kira, ƙarar kira tana isowa ɗaki, saƙo kuwa ya kwana a falo.

Nura:
Ni ina cikin waɗanda suka kasa, tunda ka ce kana son ji. Na goge TikTok wata 3 da suka wuce ina ta murna, da na duba lissafin sati sai na ga awannin nan ba inda suka je, sun koma gajerun bidiyon YouTube da na Facebook, an gudu ba a tsira ba. Na sa iyaka na cire, na sa na cire, ya fi sau 10. Kuma in faɗa muku tsakani da Allah aiki ne ya kai ni nesa da iyalina, in na dawo ɗaki ni kaɗai ne, ba mai ce min sannu da zuwa, to in na ajiye wayar bango zan kalla. Masu cewa ka ba matarka lambar sirri ko ka kai ta falo, ni ɗaki ɗaya ne kuma ba kowa. Ban san ta inda zan fara ba.

Sadiq:
Nura kar ka ɗauka raunin zuciyarka ne kawai. Wannan jan da ake yi sama bidiyo na ta zuwa ba ƙarshe ƙirƙirarsa aka yi, wani Aza Raskin ne ya fito da tsarin a 2006 kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Da can shafi yana ƙarewa sai ka danna na gaba, wannan ɗan tsayawar ita ke ba mutum damar cewa ya isa, ita aka cire. Ka fara da kashe kunna-kai na YouTube, wato yadda bidiyo na gaba ke kunna kansa, da duk sanarwar da ba ta mutum ba ce. Lambar kuma ba sai mata ba, abokin aiki ma ya isa.

Malam Bala:
Nura ɗana, naka ba na agogo ba ne, kewa ce. Ni da zan ba ka shawara kar ka fara da ragewa. Ka ɗauki awa ɗaya daga cikin na kallon nan ka kira gida da bidiyo kullum a lokaci guda, ka ji karatun yara ka ji yadda maiɗakinka ta wuni, lissafin zai nuna awannin suna nan amma ba iri ɗaya ba ne. Sannan ka nemi ko mutum ɗaya a inda kake da za ku riƙa ɗan tattaki da yamma.

Nura:
Na gode Baba. Rabon da na kira su da bidiyo ya kai kwana 9, yanzu na duba. Yau zan kira insha Allah.

Anti Rabi:
Bari na kawo ɓangaren yara tunda maganar daga yarinya ta faro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa jariri ɗan ƙasa da shekara 1 kar a ba shi kallon sikirin sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ni na sa wa babban ɗana Family Link, manhajar da iyaye ke sa ido da ita kan wayar yara, daga wayata nake ganin abin da ya buɗe, awa 1 da rabi na ba shi kuma 8 na dare take kulle kanta. TikTok ma tun Maris 2023 suka sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60, amma yaro in ya yi ƙaryar shekaru wajen buɗe akawun shi ke nan, don haka kar uwa ta dogara da wannan.

Rigima muka sha ba kaɗan ba, har ranar da ya ce min cikin ladabi, Mama ke wa yake kulle miki taki? Na rasa abin cewa don a lokacin ma wayar na hannuna. Daga ranar muka yi yarjejeniya, duk ƙarshen sati kowa ya buɗe lissafinsa a gaban kowa har babansu, kuma akwai kwandon da muke zuba wayoyi in an zauna hira da dare. Makon farko ni ce na fi kowa yawa. Rigimar ta ragu sosai tun da ya ga dokar ba shi kaɗai ta hau ba.

Abban Hanan:
Na dawo da bayani bayan kwana 12, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi maganar Maman Ilham na duba awa-awa, ashe ɓarnata wuri biyu ce, daga dawowata aiki zuwa lokacin kwanciyar yara, sai kuma 11 zuwa 1 na dare. Na dare na bi hanyar Baba Malam, caja ta koma falo, sau 2 na karya na je na ɗauko. Na yamma kuma ina shigowa nake sa ta a aljihun jakar aiki na rataye, sai yara sun kwanta. TikTok na sa masa minti 30, shi kam har yanzu ina cirewa wasu ranakun, ƙanina ya ce zai duba min yadda za a sa lamba. Jiya awa 4 da minti 25 ya nuna, buɗewa sau 81. Zanen yana bango Baba, ta ƙaro guda 3, wai ɗaya ni ne, kuma ta zana ni da waya a hannu.

Nura ya ake ciki, ka samu ka kira gidan?